Goma Bisa Ɗari A Wata

New Bell, Douala

Zuwa ga 'yata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan kin sauka Ngaoundéré lafiya, kin sami ɗakin da aka yi miki alkawari, gajiyar hanya kuma ta sake ki. Allah Ya tsare ki a garin da ba ki da kowa, Ya haɗa ki da maƙwabta nagari, Ya sa aikin nan ya zame miki alheri. Innarku ce ta sa wannan takarda a ƙasan jakarki, ni na roƙe ta, don na fi so ki karanta ta ba na kusa.

Na san za ki yi dariya ganin Hausa a rubuce. Faransancina na kasuwa ne, ya iya ciniki amma bai iya jin kunya ba, abin da zan gaya miki kuwa akwai kunya a cikinsa.

Ranar Lahadi kina zaune a tsakar gida da ƙawarki, na ji kina nuna mata abin nan na waya. Kin ce mutum yana zuba dubu ɗari, a ba wani mai neman rance, bayan wata biyu a dawo masa da dubu ɗari da goma sha biyar. Kin ce ba banki ba ne, mutane ne ke ranta wa junansu, wayar haɗa su kawai take yi. Kin ce da albashinki na farko za ki gwada. Ban tanka ba, don akwai baƙuwa. Ban kuma san wannan abu na waya ba. Amma na san rance da ruwa, na taɓa tsayawa a gefen mai karɓa, na kuma taɓa tsayawa a gefen mai bayarwa, kuma duka biyun na yi kuskure.

Shekarar da aka haife ki ina sana'ar kifi. Ina zuwa Youpwé in saya a hannun masunta idan kwalekwale suka iso, in ba mata su yi mini banda, in ɗura a kwali in aika arewa. Jarina ƙarami ne, amma yana ciyar da mu. Sai aka yi wani lokaci da kifi ya faɗi warwas, aka rasa masu saye. Na yi lissafi a kaina, na ga idan na sami dubu ɗari biyar zan cika rabin mota, in dawo da riba wadda ban taɓa riƙe irinta ba. A unguwa akwai wani mutum da ake kira Mai Kati, saboda idan ya ba ka kuɗi yana riƙe katinka na ɗan ƙasa. Bahaushe ne kamar mu, muna haɗuwa da shi a masallaci. Na je na same shi a shagonsa.

Ya ce, "Malam Sa'idu, ka san yadda abin yake? Dix pour cent. Goma bisa ɗari a wata. Duk ƙarshen wata dubu hamsin, har ranar da ka kawo uwar kuɗin gaba ɗaya."

Na ce, "Wata ɗaya ma ba zan kai ba, Alhaji."

Ya ce, "Kowa haka yake cewa." Ya buɗe aljihun tebur ya jefa katina a kan na sauran mutane.

Ki lura, mutumin nan bai yaudare ni ba. Ya faɗa mini gaskiya da bakinsa, ni ne kunnena ya ji goma ya ɗauke ta ƙaramar lamba.

Motar ta lalace a hanya ana tsakiyar ruwan sama, ta yi kwana shida a gefen titi ana jiran ƙarfen da za a gyara ta da shi. Tamfol ɗin yana yoyo. Da aka buɗe kwalayen, kifin ya yi fumfuna, wani ma ya fara tsutsa. Abin da aka tsira da shi bai kai dubu ɗari ba. Na dawo Douala da wannan, na kai wa Mai Kati dubu hamsin ɗinsa, na ce wata mai zuwa zan kawo sauran. Haka na yi ta yi har wata goma sha ɗaya. Ke kin yi makaranta, ki lissafa. Na biya shi dubu ɗari biyar da hamsin, kuma yana bina dubu ɗari biyar cif, kamar ranar farko.

Wannan shi ne abu na farko da nake so ki riƙe. Duk wanda ya gaya miki ruwan kuɗi a wata, ki ninka shi sau goma sha biyu kafin ki amsa masa. Kuma kada ki ci bashi a kan ribar da take cikin kanki tukuna. Ni na lissafa farashin kifi, na lissafa kuɗin mota, ban lissafa ranar da abu zai ƙi tafiya ba. Kifi yana ruɓewa, mota tana mutuwa, mai aiki yana rashin lafiya, amma ƙarshen wata ba ya fasa zuwa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ban gaya wa Innarku ba. Wata goma sha ɗaya ina rage kuɗin cefane ina cewa kasuwa ce ta yi sanyi. Tana goye da ke, tana dafa abin da na kawo. Wata rana za mu je yankan takardar haihuwarki, aka ce in kawo katina. Na yi ta laluben aljihu a gabanta kamar ɓacewa ya yi. Da muka fito ta tsaya a bakin titi ta ce, "Malam, nawa yake binka?"

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Mutumin da ya sa ka daina bi ta layin shagonsa in za ka masallaci."

Washegari ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnen da mahaifiyarta ta bar mata, ta je wajen yayanta ta karɓo cikon, ba ruwa. Ta miƙa mini kuɗin a ƙulle cikin ɗankwali. Magana ɗaya ta faɗa, ta ce, "Da ka gaya mini tun watan farko, da 'yan kunnen kaɗai sun isa rabi, da kuma ba mu ba shi na wata goma a banza ba." Ba ta sake tayar da zancen ba sai sau ɗaya, bayan shekaru. Uwata, idan kika shiga irin wannan, kuma Allah Ya tsare ki, ki faɗa da wuri. Kunyar da na ɓoye ta fi bashin tsada.

Za ki zaci wanda ya sha wannan ba zai sake kusantar ruwan kuɗi ba. Ni ma haka na zata.

Shekaru suka wuce, na bar kifi na buɗe rumfar takalma a Ndokoti, Allah Ya buɗa. Muna da taro na 'yan kasuwa, mu wajen talatin, duk Lahadi muna zubin adashi, abin da mutanen nan ke kira tontin. Adashin ba laifi a cikinsa, abin da ka zuba shi kake kwasa. Sai wani ya kawo shawara a buɗe asusu na biyu, kowa ya zuba abin da ya ga dama, a riƙa ranta wa 'yan taro da biyar bisa ɗari a wata, ƙarshen shekara a raba ribar. Wani dattijo ya tashi ya ce wannan riba ce wadda addini ya hana. Aka ce masa a'a, taimakon juna ne, kuɗin godiya ne. Ni ma ina cikin waɗanda suka ce masa haka. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ba zan yi miki ƙarya ba, abin ya kawo kuɗi. Shekarar farko na sayi firijin da ke ɗakin Innarku. Ta biyu na biya kuɗin makarantarki na shekara gaba ɗaya a rana guda, na fito ina jin kaina kamar wani babban ma'aikaci. Duk wanda ya ce miki babu samu a wannan harka bai taɓa shiga ba. Akwai samu, shi ya sa take da haɗari. A shekara ta uku na kwashe kusan duk abin da na tara na zuba.

A shekarar ne aka zo aka rushe layin rumfunanmu saboda aikin hanya. Waɗanda suka karɓi rance su goma sha huɗu ne, kuma goma sha ɗaya daga cikinsu a layin suke. Rana ɗaya suka rasa wajen sana'a. Ba ɓarayi ba ne, babu wanda ya gudu, duk suna zuwa taro su zauna su sunkuyar da kai. Amma babu. Da aka raba abin da ya rage, ban sami ko rabin abin da na zuba ba. Ni da nake ganin na watsa kuɗina hannun mutane da yawa, ashe duk a ƙarƙashin rufi ɗaya suke.

Don haka idan wayar ta ce miki an raba kuɗinki tsakanin mutum ashirin, ki tambaya su wane ne, a ina suke samun abincinsu, kuma wane abu ne zai iya kayar da su gaba ɗaya. Ki tambaya idan ba su biya ba wa zai biya ki. Ki tambaya kuɗin a hannun wa yake kwana, kuma idan kika wayi gari abin ya daina buɗewa, ƙofar wa za ki ƙwanƙwasa. Mu da muka san gidajen juna, muka halarci sunan 'ya'yan juna, kuɗinmu ya tafi. Ke kuwa ko fuskar wanda za ki ba ba za ki gani ba. Abin da ba za ki iya rasawa ki ci gaba da cin abinci ba, kada ki saka shi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wannan Innarku kaɗai ta sani.

Bayan asarar nan zuciyata ta yi zafi, ina so in mayar da abin da na rasa da sauri. Na ce taro ne ya cuce ni, bari in riƙa bayarwa da kaina ga wanda na sani. Akwai wani Bafulatani, Buba, daga wani ƙauye kusa da Garoua. Za ki iya tuna shi, shi ne yake ɗauko mini kaya daga unguwar Sodiko, dogo, mai yawan murmushi, Hausarsa tana karkacewa. Yana tuƙa babur ɗin haya na wani, bensikin, kullum sai ya kai wa mai babur kuɗinsa kafin ya ga nasa. Mutum ne mai amana, sau da yawa nakan ba shi cinikin yini ya kawo gida. Wata rana ya ce mini, "Alhaji, da zan sami nawa na kaina, da na ɗauko iyalina daga ƙauye."

Na ce, "Nawa ne babur?"

Ya ce, "Dubu ɗari huɗu, mai ɗan kyau."

Na ce zan ba shi. Sai na ji bakina yana cewa, "Goma bisa ɗari a wata." Takardun babur ɗin kuma su zauna a wajena. Ya kama hannuna da hannu biyu yana ta godiya da Fulatanci. Na san lissafin, na fi kowa saninsa, ni na taɓa biyan irinsa. Amma na ce wa kaina ai taimakonsa nake yi, ai da ba ni ba babu wanda zai ba shi.

Wata tara yana kawo dubu arba'in, bai taɓa saɓawa ba. Ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa biyu, suka kama ɗaki. Na ga yana ramewa. Na ga ya daina tsayawa shan shayi a rumfata, ko ana ruwa yana kan titi da leda a jikinsa. Duk na gani. Wata rana ya ce, "Alhaji, uwar kuɗin ba ta motsi." Na ce masa ya ƙara haƙuri, a hankali ne.

A wata na goma wata babbar mota ta buge shi a mahaɗar Ndokoti, da rana tsaka. Ƙafarsa ta dama ta karye gida biyu. Na sayi lemo da burodi na tafi asibiti. Yana kwance, matarsa na zaune a ƙasa da ƙaramin a cinyarta. Na yi masa sannu, na yi addu'a. Sannan na ce, "Babur ɗin fa?"

Ban shirya faɗa ba, Allah Ya sani, amma shi ne abin da ke cikin raina tun daga gida, shi ya sa ya fito. Matarsa ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kanta ƙasa. Buba ya ce, "Yana wajen makanike, Alhaji. Bai lalace sosai ba. Ka ɗauka."

Na ɗauka. Na gyara shi na sayar dubu ɗari biyu da hamsin, na ce masa na yafe sauran. Har godiya ya yi mini. Da aka sallame shi ba ya iya hawa babur, ba abin biyan ɗaki, suka tattara suka koma arewa. Ya zo yi mini sallama yana dogara sanda, na ba shi dubu biyar na mota, ina jin na yi abin kirki.

Innarku ce ta zaunar da ni bayan tafiyarsu. Ta ce, "Malam, nawa ka ba shi?" Na ce ɗari huɗu. Ta ce, "Nawa ya dawo hannunka?" Na haɗa, na ga ɗari shida da goma. Ta ce, "To mene ne ka yafe?" Sannan ta ce, "Ni na sayar da kekena don in fitar da kai daga hannun Mai Kati. Matar Buba ba ta da keke."

Tun daga ranar ban sake ba kowa kuɗi da ruwa ba, ban kuma sake karɓa ba. Na je na sami dattijon nan da ya fita daga taronmu, na ba shi haƙuri. Bai yi mini wa'azi ba, ya ce in mayar da abin da ba nawa ba. Na ce to. Sai ga kuɗin makaranta, sai ga rufin gida, sai rashin lafiyar kakarki, shekara ta bi shekara. Gaskiyar magana ita ce kunyar haɗa ido da Buba nake ji.

Uwata, dubu goma sha biyar ɗin da wayar za ta ƙara miki, ba wayar ce ke haifarta ba. Wani ne yake nemo ta. Mai yiwuwa ɗan kasuwa ne da cinikinsa ke tafiya, ba zai ji komai ba. Amma wanda yake da wajen samun rance mai sauƙi ba ya zuwa neman mai tsada. Yawancin waɗanda za su yarda da wannan ruwa mutane ne da aka rufe musu sauran ƙofofi. Ni na ga fuskar nawa, duk da haka na yi abin da na yi. Ke ba za ki ga naki ba, lamba kawai za ki ga tana ƙaruwa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da a ce kuɗinki ya salwanta. Hukuncin addini kin san shi, kin fi ni karatu, ba sai na maimaita miki ba. Ni abin da na sani shi ne yadda abin ya mayar da ni, har na tsaya a kan marar lafiya ina tambayar ƙarfe.

Ban ce ki ƙulle kuɗinki a ƙarƙashin katifa ba. Ki shiga adashi da mutanen da kika sani, wanda abin da kika zuba shi za ki kwasa. Idan ɗan'uwa ya shiga matsi kuma kina da hali, ki ranta masa abin da za ki iya haƙura da shi, ku rubuta, ku sa shaidu, ya dawo miki da shi daidai. Idan kuma juya kuɗi kike so, ki dubi yadda Innarku take yi da matar nan mai suyar makala, fanken fulawar nan, a bakin layinmu. Ita ta ba da jari, waccan ta ba da ƙarfi, duk sati suna raba abin da aka samu. Satin da gari ya yi tsada ba a samu ba, babu wadda ke bin wata. Ribar ba ta da yawa, kuma sai kin san wanda kika ba, kin leƙa, kin tambaya. Amma shekara takwas ke nan, har yanzu suna cin abinci a kwano ɗaya.

Ga roƙona. A cikin aljihun ciki na jakarki akwai ambulan mai ruwan ƙasa. Dubu ɗari biyu da goma ne, abin da ya hau kan kuɗin da na ba Buba. Na san ba su ne hakkinsa duka ba, don ban san yadda ake lissafa shekaru da ƙafa ba. Wani mai fataucin shanu ya gaya mini yana nan da rai, yana gyaran kekuna a kasuwar garinsu, na rubuta miki sunan garin da na unguwar a bayan ambulan ɗin. An ce in aika ta waya, har lambarsa an ba ni, amma ban so ya ga kuɗi sun faɗo masa kamar sadaka. Ni kuma gwiwoyina ba za su kai ni ba yanzu. Idan kika sami hutun farko, ki nemi abokiyar tafiya ki je da rana. Ki gaishe shi kamar yadda za ki gaishe ni, ki durƙusa. Ki ce masa ke 'yar Sa'idu mai takalma ce ta Ndokoti, ki ce kuɗinsa ne, ba kyauta ba ce, kuma ina neman ya yafe mini. Ki nemi matarsa ita ma ki faɗa mata haka. Idan ya yi fushi ki saurara, kada ki kare ni. Idan ya ce ya yafe, kada ki yi saurin tashi. Duk abin da ya faɗa, ki kawo mini shi yadda ya faɗa, kada ki gyara.

Na ɗora miki kaya tun ba ki huta ba, ki yi haƙuri da mahaifinki.

Innarku tana gaishe ki, ta ce ki sa rigar sanyi da safe don garin ba kamar Douala ba ne, kuma kada ki riƙa tsallake karin kumallo. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya kiyaye ki a kan hanya da wajen aiki, Ya raba ki da bashin da zai hana ki sukuni, Ya raba ki da kuɗin da wani zai yi kuka a kansa. Allah Ya sa albarka a ɗan abin da za ki samu, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam,

Mahaifinki,
Sa'idu